Inci Shida

Sati uku ke nan da likita ya hana Direba ɗaga guduma, kuma a cikin sati ukun nan babu abin da bai taɓa ba a shagon ɗinkin matarsa. Ya jera mata zare launi-launi, daga fari har baƙi, ta wayi gari ba ta san inda komai yake ba. Ya ɗura wa keken ɗinki mai har sau huɗu. Ranar Litinin kuwa wata mata ta kawo yadi, ya leƙa ya ce launin bai karɓe ta ba, matar ta naɗe kayanta ta yi gaba.

"Direba, don Allah ka nemi wani wuri ka zauna," in ji matar tasa, wadda duk layin suke kira Tela, har shi ma.

"Ina zan je?"

Ta ci gaba da taka keke.

Shagon nata ɗaki ɗaya ne a bakin gidansu, ƙofarsa na kallon titi, tagarsa na kallon tsakar gida. Ta tagar nan ake hango Jimina. Jimina ƙaramar tarakta ce ruwan ɗorawa, rana ta cinye mata fenti, da hannun haƙa a bayanta. Yara ne suka raɗa mata sunan tun suna ƙanana, saboda dogon wuyan nan da take lanƙwasawa ta cusa kai cikin ƙasa. Shekara ashirin da biyu Direba yana haƙa tushen gini da kwata da ramin bututun ruwa da ita. Bokitin da ke bakin hannun, ƙarafa biyu ne suke riƙe da shi, kowanne kaurinsa ya kusa wuyan hannun mutum, fin ake ce musu. Duk sanda aiki ya canza dole a canza bokiti, kuma ba ya canzuwa sai an doke fin ɗin nan da guduma sun fita, an daidaita wani bokitin, an sake doke su sun shiga. Wata rana har sau uku. Wannan dukan ne ya taru ya taru ya sauka a kafaɗarsa ta dama.

Babbar 'yarsu tana aikin jinya, har ƙannenta ma Nas suke ce mata. Ita ta kai shi wurin likita, ita kuma ta yanke hukunci: a sayar da Jimina. Har ta samo mai saye, zai zo ya gani ranar Asabar da hantsi.

Tela ba ta ga laifin yarinyar ba, don ita ma ta sha jin nishinsa in zai sa riga. Abin da ya tsorata ta shi ne yadda ya karɓi maganar. Mutumin da suka shekara talatin da ɗaya tare bai taɓa yarda da ita ba ko a kan yawan sukarin shayi, ya ce "to" kawai ya sunkuyar da kai. Tun daga ranar ya daina waƙar nan tasa marar kai da gindi da yake yi in yana wanke fuska da safe. Abinci ma sai ya ci rabi ya ture. In ya gaji da dagula mata zare, sai ya tsaya a taga, hannu a baya, ya zuba wa tarakta ido.

Ranar Talata tana ɗinkin wata riga ta zo wurin sa zif. Ta kai yatsa bayan allura ta taɓa 'yar liba, wani ɗan maɓalli, sai 'yar ƙafar ƙarfen da ke danne yadi ta faɗo. Ta tura ƙafar ɗinkin zif a ƙarƙashi, ta sauke, ƙas, ta kama. Abin da take yi kullum ne ba tare da ta duba ba. Amma yau sai ta tuna tsohon kekenta, wanda sai ta nemo sukudireba ta kwance noti kafin ta canza ƙafa, har babban yatsanta ya yi kanta. Ta tsayar da keke.

"Direba, ku masu tarakta ba ku da irin wannan?"

Ya juyo. Ta sake yi a gabansa: ta saki ƙafar, ta mayar, ƙas.

"Akwai," ya ce. "Mahaɗi ne ake ɗaurawa a bakin hannun sau ɗaya, shi ke nan sai ya riƙa cafkar bokiti yana saki. Na ragwaye ne."

"Akwai shi, ka shekara ashirin kana dukan ƙarfe kamar ya zage ka?"

"Mutum ya san aikinsa da hannunsa."

"To hannun ya ce ya gaji. Daga yau ka zama rago."

Kafin ya buɗe baki ta ɗauki waya ta kira Nas, ta zayyana mata komai.

"Umma, likita bai ce a rage guduma ba, cewa ya yi a bari."

"Na ji. In ya canza bokiti a gabanki ba guduma fa?"

"Ba guduma, ba dutse, ba wani ƙarfen da zai ɗauka ya buga. Na san halin Baba."

"Ko ɗaya."

"Kuma ba nishi."

"Ke, nishi ai tun yana saurayi yake yin sa."

Nas ta yi dariya duk da ba ta so ba. "Asabar da safe, kafin mutumin ya zo. In ban gamsu ba, Umma, kar ki ce na yi taurin kai."

Direba ya yi ta gunaguni, amma da yamma Tela ta ji shi a tsakar gida yana waya da Mai Ƙarafa, mutumin da yake sayar da kayan manyan injina a bayan gari. Ya buɗe muryar wayar kamar yadda ya saba, har maƙwabta na ji.

"Irin taku iri biyu ta zo, Mai Jimina, mai faɗin baki da mai siriri. Ka zo min da fin ɗaya. Sannan ka auno min faɗin bakin hannun, inda yake shiga tsakanin kunnuwan bokiti. Awo nake so, ba ƙiyasin ido ba."

Laraba da safe maƙwabcinsu Mai Walda ya shigo ya doke fin ɗin suka fita, Direba na tsaye yana gaya masa ba haka ake riƙe guduma ba. Tsohon bokiti ya kwanta a ƙasa, kunnuwansa biyu a sama. Da Tela ta fito sai ta tarar da mijinta a tsugune gabansa, riƙe da guntun sanda yana fere shi da wuƙa, yana gwadawa tsakanin kunnuwan, yana ƙara ferewa. Ta kalli sandar da kyau. Ta juya ta kalli abin goge ƙasarta da ke jingine a bango, ya rage tsawo.

"Sandata ka yanka?"

"Dama ta yi miki tsawo."

"Kuma a tsohon bokiti kake awo? Ni in mace ta kawo min tsohuwar rigarta ta ce in yanka daidai ita, ba na yarda. Riga buɗewa take yi. Jikin nake aunawa."

"Ƙarfe ne wannan, Tela, ba yadi ba. Haka na yi awo tun ba ki san me ake kira tarakta ba."

Sandar ta shige tsakanin kunnuwan ta tsaya cak. Ya zare ta ya zura aljihu kamar za a ƙwace.

Tela ta juya wurin Jimina. Ta ciro tef ɗinta daga wuya. Tsohon tef ne, ya fi shekara goma sha biyar a wuyanta, rawayarsa ta koɗe, bakinsa ta naɗe shi da jan zare tun wani lokaci da ya fara zarewa. Ta goge giris daga bakin hannun Jimina da ƙyalle, ta ɗora tef, ta duba, ta sake dubawa, kamar yadda take yi wa ƙugun amarya. Ta rubuta "6" a bayan wata takarda.

"Kawo sandar taka in gwada."

"Ba ruwan sandata da tef ɗinki."

"Dama ba zan bari ta shafa min giris ba."

Kowa ya riƙe awonsa.

Alhamis suka shiga motar ɗaukar kayan Mai Walda, su uku a gaba, suka nufi filin ƙarafa. Tela ba ta taɓa zuwa ba. Fili ne babba da aka kewaye da kwano, ƙasarsa ta yi baƙi da tsohon mai, ga bokitai jere sahu-sahu, wasu sun kife, wasu sun wage baki ruwan sama ya kwanta a ciki. Akwai wanda mutum uku za su zauna a cikinsa su yi hira. Tun daga ƙofa ta ga tafiyar Direba ta canza. Mutumin da sati uku yake jan silifa, ga shi yana wuce ta, yana shafa wannan, yana ƙwanƙwasa wancan da yatsa yana sauraren ƙararsa.

Mai Ƙarafa ya fito daga rumfarsa, ƙaton mutum mai tumbi, tabarau na rataye a ƙirjinsa da igiya.

"Mai Jimina! Yau har da shugaba aka zo? Ranki ya daɗe, sannu da haƙuri da wannan mutumin."

"Kai ma ka san shi ke nan."

"Shekara ashirin ina ce masa ya sayi mahaɗi, yana ce min na ragwaye ne."

Ya karɓi fin ya juya shi a hannu ya gyaɗa kai. Direba ya miƙa sanda, Tela ta miƙa takarda, lokaci ɗaya, kowa na hararar ɗan'uwansa. Mai Ƙarafa ya ɗora tabarau, ya ɗauko rula ta ƙarfe ya kwantar da sandar a kai.

"Sanda ta ce inci shida." Ya buɗe takarda. "Takarda ta ce shida."

Miji da mata suka kalli juna.

"Kin gani?" in ji Direba.

"Ka gani dai," in ji Tela.

"A rubuta ranar nan," in ji Mai Walda. "Tun da na tare a layin nan ban taɓa jin bakinku ya zo ɗaya ba."

Wani daɗi ya kama Tela har ta rasa dalilinsa. Ta gyara mayafi don kar a ga tana murmushi. Mai Ƙarafa ya jefa sandar kan teburinsa ya ja su cikin fili.

Ya fara nuna musu mahaɗi iri biyu. Na farko da mai yake aiki, direba na zaune zai danna ya saki bokiti, amma yana buƙatar ƙarin tiyo da Jimina ba ta da shi. Na biyu na hannu ne: baki biyu gare shi a ƙasa, na gaba ya saƙalo fin ɗin bokiti na gaba, na baya mai sifirin, murɗaɗɗiyar wayar da ke mayar da shi ya rufe, ya cafki na baya, sai a zura ɗan ƙarfen kulle. In za a saki, a zare kulle, a sa dogon ƙarfe a rami a ja.

"Ja kawai?" in ji Tela. "Ba duka?"

"Ko mari babu."

"Shi muke so."

Ta waiga ta nemi Direba, ba ya nan. Can ta hango shi gaban wani ƙaton bokiti mai haƙora biyar, ya dafa shi, idonsa na ƙyalli.

"Wannan ɗiba uku ya gama tushen ɗaki," ya ce.

"Wannan in ka cika shi, Jimina za ta ɗaga gaba ta gaishe da tsuntsaye," in ji Mai Ƙarafa. "Ka tuna shi kansa mahaɗin nauyi ne da shi, kuma yana ƙara wa hannun tsawo. Bokitinka ƙanƙancewa zai yi, ba girma ba."

"In na bi a hankali fa?"

"Kai? A hankali?" in ji Tela. "Zo nan. Bara wane aiki ka fi yi?"

Ya dawo yana waiwaye. Da aka bi aikin ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi fiye da rabi ramin bututun ruwa ne, saura tushen gini. Suka ware siririn bokiti mai faɗin ƙafa ɗaya, wanda zai tsaga rami tsaf ba tare da ya cinye wa mutane rabin hanya ba, da matsakaici mai ƙafa biyu na tushe. Na farkon da aka nuna musu, Tela ta sa aka kifar da shi ta duba cikinsa, ta bi layin waldar da yatsa.

"Ɗinkin nan ya yi tsalle. Ga shi nan, ga shi nan."

Mai Walda ya sunkuya ya duba, ya miƙe yana sosa ƙeya. Mai Ƙarafa ya sauke tabarau ya kalle ta.

"Ranki ya daɗe, ko za ki zo ki riƙa zama min nan ranar kasuwa?"

Aka canza musu wani. Gardama ta tashi a kan na uku. Direba na son ƙugiya, ƙaton haƙori guda ɗaya mai tsaga busasshiyar ƙasa da tumɓuke saiwa. Yana kuma son wani ƙarfe kamar babban yatsa da ake ɗaurawa ya riƙa matse dutse da gungume a bakin bokiti. Tela kuwa idonta na kan wani faffaɗan bokiti marar haƙori, bakinsa sumul.

"Wannan na mene ne?"

"Na shara. In an mayar da ƙasa, da shi ake baje ta a lallashe ta."

"Kai da me kake bajewa?" ta tambayi mijinta.

Ya waiwayi ƙugiyar.

"Da cebur yake yi," ta gaya wa Mai Ƙarafa. "Da hannu. Ni nake wanke rigar, na san ranar da aka yi cebur. Mun raba shi da guduma mu bar shi da cebur? A sa mana wannan."

"Ƙugiyar fa?"

"In kafaɗa ta warke ka zo ka gaishe ta."

Aka loda mahaɗi mai inci shida da bokitai uku daidai shi. A hanya Direba ya yi ta ba Mai Walda labarin wani rami da ya haƙa shekara tara da suka wuce, Tela na jin sa, ba ta katse shi ba ko sau ɗaya.

Juma'a da sassafe Mai Walda ya zo ɗaurawa. Suka tallafo mahaɗin da sarƙa, Direba ya hau ya sauke hannun Jimina a hankali har bakinsa ya shiga tsakanin kunnuwan mahaɗin. Ya shiga, har ya yi yawo. Mai Walda ya zura yatsu biyu a gefe suka shige. Ya tura fin, fin ya shiga ta wannan kunne ya ƙi leƙowa ta wancan.



 Gobe Asabar. Tela ta kalli mijinta a kan kujerar tarakta, ta ga fuskar nan ta sati uku tana dawowa.

"Zan iya ƙero dogon fin in cusa zoben washa a gefe," in ji Mai Walda. "Zai yi lilo kaɗan, amma…"

"Ni ba na ba da riga da fil a jiki," in ji Tela. Ta fizgo tef daga wuya. Ta auna bakin hannun. "Shida." Ta auna tsakanin kunnuwan mahaɗin, ta ƙura ido, ta miƙe tsaye. "Bakwai! Direba, bakwai ya ba mu!"

"Bakwai?" Direba ya sauko da saurin da ta manta yana da shi. "Ni da ke muka ce shida!"

"Da bakinsa ya faɗa!"

"Tabaran nan nasa na ado ne!"

Aka sake loda kaya gaba ɗaya. Duk tsawon hanya suna tsara abin da za su gaya masa, wannan ya fara wannan ya ƙarasa. Mai Walda dai tuƙinsa yake yi.

Mai Ƙarafa ya saurare su har suka gama, hannunsa bisa tumbi. Sannan ya ɗauko rularsa ya hau bayan mota ya sa tsakanin kunnuwan mahaɗin.

"Ku zo ku karanta da kanku."

Shida, ba ɗigo a kai.

"Rularka ce ba daidai ba," in ji Tela. Ta ɗora tef ɗinta a wurin. "Ga shi, bakwai."

Mai Ƙarafa bai kalli inda yatsanta yake ba. Ɗaya bakin ya kalla, mai jan zare.

"Ranki ya daɗe, ara min."

Ya shimfiɗa tef ɗin a kan rula, ya tura jan zaren gefe da farce. A ƙarƙashinsa, daidai inda tef ya fara, ga lamba ɗaya ta fito ɓaro-ɓaro.

"Ina incinki na farko?"

Tela ta ƙura wa bakin tef ɗin ido. Sai yanzu abin ya dawo mata: ranar da ƙarfen bakin tef ɗin ya fita, bakin ya zare, ta sa almakashi ta datse shi daidai layi don ya yi kyau, ta naɗe. Autansu ma a lokacin bai shiga makaranta ba. Tun daga ranar da shi take auna mace, da shi take auna yadi, abin da ya ƙaru a can ya ƙaru a nan, riga ta fito daidai. Ba a taɓa dawo mata da ɗinki ba. To me zai sa ta tuna?

Direba ya fara dariya. Ya dafa mota, ya durƙusa, ya riƙe kafaɗa yana "wayyo" yana ci gaba.

"Jikin nake aunawa!" ya ce da muryarta. "Jikin!"

Kunya ta rufe Tela. Ta tsaya tana naɗe tef a yatsa. Tana cikin naɗewa sai hannunta ya tsaya.

"Tsaya, Direba. Shidana biyar ne, na yarda. To kai sandarka ta yaya ta zama shida?"

Dariya ta tsaya.

Mai Ƙarafa ya je teburinsa ya dawo da guntun sandar. "Mai Jimina, a ina ka yanki wannan?"

"Tsakanin kunnuwan bokiti."

"Wane bokiti?"

"…Tsohon."

"Daga can ciki wurin fin, ko daga baki?"

"Daga baki. Nan hannu ya fi kaiwa."

"Kunnen da ka shekara ashirin da biyu kana duka? Ai bakinsa ya buɗe kamar littafi!"

Wannan karon Mai Walda ne ya zauna a ƙasa don dariya. Tela ta so ta riƙe tata, ta kasa. Direba ya kalle ta, ta kalle shi, suka ɓarke tare, har hawaye.

"Sau ɗaya bakinku ya zo ɗaya," in ji Mai Walda yana share ido, "ashe a kan kuskure ne."

Da aka natsu Tela ta yi tambayar da take tsoro. "Mai inci biyar, akwai?"

Mai Ƙarafa ya ja numfashi. "Guda ɗaya ya rage, kuma ba sabo ba ne." Ya kai su can ƙarshen fili ya yaye wani buhu. Mahaɗin lafiyarsa lau, sai dai tsatsa ta kama bakinsa na baya, Mai Ƙarafa ya sa ƙarfe ya ja da hannu biyu da ƙyar ya motsa. Siririn bokiti da matsakaici akwai daidai shi. Faffaɗan ne babu, sai dai Mai Walda ya sake masa kunnuwa sati mai zuwa.

"Wannan ja ai ya fi guduma," in ji Tela, murya ƙasa-ƙasa.

Direba ya tsuguna ya leƙa cikin bakin, ya taɓa sifirin. "Ƙishi yake ji kawai. Ku loda."

Da la'asar mahaɗin ya hau bakin hannun Jimina ɗas, ko takarda ba za ta shiga gefe ba, fin ya leƙo ta wancan kunne aka ɗaure. Tela ta koma shago tana ɗinki, rabin hankalinta a taga. Direba na zaune a kan bulo da kananzir da tsohon buroshin haƙori da gwangwanin giris, yana wanke bakin nan lungu-lungu, ya ɗiga, ya goge, ya motsa. Can wajen ƙarfe biyar ta ji wani abu da ya sa ta ɗage ƙafa daga keke. Waƙar nan ce marar kai da gindi. Muryar ba ta gyaru ba ko kaɗan. Ta zauna ta saurare ta har ƙarshe.

Asabar Nas ta iso da kayan aiki a jikinta, ta ƙi zama. Ta ɗauke gudumar da kanta ta riƙe, ta tsaya gaban tarakta.

"Bismillah, Baba."

Direba ya kunna Jimina, ya sauke matsakaicin bokiti ya zauna a ƙasa, ya sauko ya zare ƙarfen kulle da yatsa biyu. Ya sa dogon ƙarfen a rami, ya kama da hannun hagu.

"Tsaya," in ji Nas. "Yau hagu, gobe in ba na nan dama. Ja ma ai da kafaɗa ake yi."

"Wane ja? Taɓawa ce kawai."

"Haka ka ce da guduma."

Tela ta ga yarinyar ta kai hannu aljihun da waya take. Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta taka ta ture mijinta gefe, ta kama ƙarfen da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da bakin mayafi, ta ja. Ta shirya za ta yi kokawa, sai ƙarfen ya biyo ta kamar ƙofar kabad, har ta kusa zama. Ƙas. Bakin ya buɗe.

"Hau," ta ce masa.

Ya hau. Hannun Jimina ya ɗaga ya bar bokitin a ƙasa, ya juya a hankali, ya sunkuya kan siririn, ya saƙalo fin na gaba, ya lanƙwasa. Ƙas. Direba ya sauko ya zura kulle, ya buɗe tafukansa biyu ya nuna wa 'yarsa.

Nas ta zo ta zare kulle ta ja ƙarfen da kanta, sau biyu. Ta kama kafaɗar ubanta ta danna nan, ta danna can, tana kallon fuskarsa.

"Cebur fa?"

"Uwarki ta riga ki. Faffaɗan bokiti na wurin Mai Walda."

Ta daɗe tana kallon su biyun. Sannan ta ciro waya ta koma gefe, suka ji tana cewa, "Don Allah ka yi haƙuri, kar ka taso. Masu ita sun fasa."

Direba ya juya wurin tarakta. Ya ɗauki ƙyalle ya shiga goge fitilar Jimina, wadda ba ta da datti.

Gudumar Nas ta kai shago ta ajiye a kan teburin yanka, ta ce nan za ta zauna inda Umma za ta riƙa ganin ta. Direba ya biyo su yana ba ta labarin tef, yana ƙara gishiri, bai ambaci sanda ba sai da Tela ta tuna masa. Nas ta yi dariya, sai kuma ta tsaya.

"Umma, tsaya. Watan jiya da kika ce ƙuguna talatin da bakwai…"

"Talatin da shida ne."

"Wata guda ina shan shayi ba sukari!"

Kafin azahar labari ya zaga layin. Mata suka riƙa leƙowa ɗaya bayan ɗaya, kowacce na so a buɗe littafin awo a cire mata incinta. Har matar nan ta ranar Litinin ta dawo da yadinta.

Da yamma Direba ya shigo da sabon tef a leda, mai ƙarfe a baki, ya ajiye mata a kan keke. Tela ta juya shi, ta kalli littafin awonta na shekara goma sha biyar, duk da tsohon aka rubuta shi. Ta mayar masa.

"Sa a akwatin Jimina. Ka bar min sandar goge ƙasata ta huta."

Ta gyara tsohon a wuyanta, ta jawo gudumar ta danne bakin yadi da ita, ta ɗauki almakashi.